Ni da Bindigar Kawu Yero a Hanyar Kurfi

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: tsoron bindiga nake ji. Ba irin tsoron da kowa ke ji a wannan zamani ba, wannan ai hankali ne. Nawa ya wuce nan. Shekarata hamsin da biyu, malamin makaranta ne ni a nan Dutsin-Ma, ina da furfura da tumbi daidai gwargwado, amma ranar da tayar wani babur ta fashe a bakin kasuwa, daga ƙarƙashin teburin mai tsire aka zaro ni. Abin kunyar shi ne dangin mahaifiyata kaf maharba ne. Da aka zo rabon zuciya a gidan, ni ina can ina feƙe fensir.

To, makon jiya Allah ya haɗa ni da bindiga a mota ɗaya.

Ina da kawu a Tamawa ta ƙasar Kurfi, yayan mahaifiyata, Kawu Yero. A zamaninsa babu dajin da bai taka ba tsakanin Wurma da bakin Zobe. Yanzu ya ba tamanin baya, kuma yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sai dai ya gane ka da murya. Aka ce likitocin ido za su zo Dutsin-Ma ranar Alhamis, yini ɗaya tak. Na yi ta sintiri har sunansa ya shiga cikin waɗanda za a yi wa aiki. Sharaɗi guda aka gindaya: a kawo mara lafiya ranar Laraba kafin ƙarfe huɗu a tantance shi, in ba haka ba a bai wa wani gurbinsa. Likitan da ya fara duba shi kuma ya ja ni gefe ya ce in aka wuce bana, kada a ƙara wahalar da tsoho.

Ranar Lahadi na tafi da albishir. Na tarar da shi zaune a zaure, matarsa Inna Turai tana daga ciki tana tankaɗe.

"Kawu, ido zai buɗe in Allah ya yarda. Laraba zan zo in ɗauke ka."

"Madalla. Kwana nawa?"

"Huɗu, a gidana."

"To ka share mata wuri."

"Inna? Ai ɗakinta na nan."

"Wa ke maganar Turai? Ita wagga." Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, ya dafa ta. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, tsawonta ya kusa kai ni. Na matsa da tabarmata kaɗan, kamar rana ce ta dame ni.

Ya ce ranar da maigidansa a harkar farauta ya damƙa masa ita, shekara hamsin da biyar da suka wuce, ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa kwana ƙarƙashin wani rufi ita tana ƙarƙashin wani ba. Haka ya je bikin 'ya'yansa da ita, haka ya je zaman makoki. Na ce Kawu, zamani ya sake, yanzu ko sanda mai tsawo ka ɗauko a mota sai ka yi bayani. Ya ce, "To a bar idon. Mi zan gani wanda ban gani ba?"

Inna Turai ta ɗago murya daga ciki: "Mutawakkilu, kada ka ɓata yawunka. Ni ma da ka gan ni, ita na tarar a ɗakin."

Na dawo gida da magariba kaina ya yi nauyi. Maƙwabcina Alhaji Ja'afar, dillalin hatsi ne, mutumin da bai taɓa jin wata matsala ya rasa maganinta ba, in dai ba tasa ba ce. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Malam, kai boko ya lalata ka. Tura ta cikin buhun dawa mana."

"Wane buhu ne zai ci ta? Ta fi ka tsawo."

"To naɗe ta a tabarma, ka rufa farin ƙyalle, ka sa Inna ta riƙa sharar hawaye. Wa zai buɗe gawa?"

"In kuma aka buɗe?"

"Sai ka ce kai ma mamaki kake."

Na ce a'a. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara zama 'yan ƙasa nagari, ba za a nuna ni a waya tsugune gaban tebur da bindiga a gabana ba, an rubuta an cafke ƙasurgumi. Ta hanyar doka zan bi. Alhaji Ja'afar ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai haye ruwan madatsar Zobe da ƙafa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Kawu yana da takardar izinin riƙe bindigarsa, tana cikin wani gwangwanin madara, kuma 'yan uwansa maharba ba sa bari ta mutu. Abin da nake nema bai taka kara ba: a gaya mini yadda ake ɗauko ta a mota, a ba ni 'yar wasiƙa da zan nuna a hanya. Ranar Litinin na nufi ofishin da aka ce mini shi ke da wannan hurumi. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran buƙatu a duniya.

Na tarar Mai Girma Mai Hatimi ba ya nan. Ya tafi taron bita na kwana biyu a wani otal, a kan yadda za a sauƙaƙa wa jama'a ganin jami'ai. Na yi murna ƙwarai. Ashe saboda ni aka tafi. Na zauna a benci har azahar ina kallon sabbin na'urorin sanyaya ɗaki guda huɗu da aka kafa a bango, ina fifita da fayil ɗina, domin ba wuta. Amma fa sun yi kyau. Duk wanda ya zaɓo launinsu, Allah ya ƙara masa girma.

Talata na koma da sassafe, na ga mutum uku.

Ranka Ya Daɗe na Tebur na Farko ya ce lallai in rufe ta ruf, kada jama'a su gani su firgita. Ranka Ya Daɗe na Tebur na Biyu, wanda tsakaninsa da na farkon bai fi taku uku ba, ya ce kul, duk wanda ya rufe makami ɓoye shi ya yi, mai ɓoyewa kuwa yana da wata manufa. Na ce to in rufe rabi in bar rabi? Ya ce in kiyayi bakina, nan ba aji ba ne.

Na uku shi ne gwani. Ya karanta takardar Kawu daga sama har ƙasa, ya cire tabarau, ya ce, "Ba matsala. Kawo bindigar mu duba, sai mu ba ka wasiƙar."

"Yallaɓai, ai wasiƙar ta ɗauko ta ce."

"Ƙwarai."

"To yaya zan kawo ta ba wasiƙa?"

"Kada ka kuskura! Laifi ne babba."

"To ba ni wasiƙar."

"Ba mu ga bindiga ba."

Mun yi wannan zagaye sau uku, kuma wallahi bai gaji ba, fuskarsa a sake. Irin waɗannan ma'aikata ne ƙasa ke buƙata, masu haƙuri da talaka.

Na fito baranda na jingina da ginshiƙi, ina tunanin yadda zan je Tamawa in ce wa tsoho ya ci gaba da zama a duhu saboda tebur uku sun kasa zama tebur ɗaya. Sai wata dattijuwa mai buga takardu, Hajiya Mubina, wadda tun jiya take kallona ta saman tabarau, ta yafuto ni. Shekararta talatin a wurin, kuma da alama ita kaɗai ta taɓa buɗe littafin ƙa'idojin da ke tokare ƙofar ofishin.

"Malam, zauna. Mai bindigar zai shiga motar?"

"Zai shiga."

"Da takardarsa a aljihu. A tabbatar ba komai a cikinta. Albarushi ku bar shi a gida, ba farauta za ku ba. Ka sa ta a akwati mai kwaɗo, akwatin a but ɗin bayan mota, makulli a hannunka. Ku taho da rana, kada ka ratse ko'ina. In an tsayar da kai, kai za ka fara faɗa kafin a tambaye ka, hannunka a kan sitiyari, a hankali. Ka ji? A hankali."

Minti biyu. Abin da na kwana biyu ina nema ke nan. Ta buga wasiƙar da kanta, ta shiga da ita wurin Mai Girma Mai Hatimi, wanda ya dawo daga bita da sabuwar jaka. Ya nemi ganin bindiga. Na nuna masa hotonta a wayata, wanda na ɗauka daga nesa ranar Lahadi, rabinsa ma ƙafar Kawu ce. Ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa ya duba makamin da idonsa. Ai kuwa da idonsa ya duba, ban ga ya ari na kowa ba.

Laraba na yi niyyar fita da hantsi. Sai dai motata ba ta sha alkawari, mai take sha. An ce mana layin mai ya zama tarihi, kuma gaskiya ne, domin a layin na ji tarihin mutum shida daga haihuwa har ritaya. Sai sha ɗaya na samu. Na biya wurin kafinta na ɗauki dogon akwatin da na sa ya haɗa mini, wanda duk wanda ya gani sai ya ce Allah ya jiƙan rai. Daga Kurfi na saki kwalta na kama hanyar Tamawa, inda wani allo ke tsaye yana shelar cewa an kammala gyaran hanya. Allon kam an kammala shi, har da fenti biyu.

A zaure Kawu ya yi abin da ya burge ni. Ya zaro sandar ƙarfen da ake ɗuri da ita, ya zura ta bakin bindigar har ta taɓa ƙasa ta yi ƙara, ya kama daidai inda ta tsaya da babban yatsa, ya zaro, ya gwada ta a jikin bututun daga waje. Tsawo ya zo daidai.

"Ka gani? Wayam. Da akwai ɗuri da ta tsaya a nan. Matso ka taɓa."

"Na gani daga nan, Kawu."

"Kana ina?"

"Waje."

Ya miƙa wa maƙwabcinsa ƙahon albarushi ajiya, ya naɗe bindigar a tsohon bargo, ya sa a akwati da hannunsa. Na datse kwaɗo. Komai lafiya, sai da ya ji na buɗe but.

"Nan za ka sa ta? Wurin taya da jarka?"

"Haka doka ta ce."

"Ni a cinyata za ta zauna, bakinta ta taga."

Na hango kaina ina shiga Dutsin-Ma da makaho riƙe da bindiga ta taga. Na roƙe shi. Na haɗa shi da kabarin mahaifiyata. Ya ce shi bai taɓa tafiya ba hannunsa a kanta ba, ya koma ya zauna, ya ce a sauke masa kayansa. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

Nan ne basirar boko ta motsa. Na kwance igiyar akuyar Inna Turai, na ɗaura a hannun akwatin, na zuro ta ta tsakanin kujerun baya, na damƙa wa Kawu bakinta. Ya ja, ya ji nauyi. Ya sake ja. Sannan ya ce, "Halan dai karatun naka bai tashi a banza ba." Tunda nake, wannan ne yabo na farko da na samu daga dangin uwa. Inna ta shiga gefensa da ƙullin kayanta, muka kama hanya. Ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, duk ramin da muka faɗa sai na yi kalmar shahada.

Bayan mun wuce Kurfi kaɗan muka iso shingen masu tsaron hanya. Ba na zarginsu da komai, jama'a. Kowa ya san halin da yankin nan ke ciki, kuma mutumin da ya yini a rana yana jiran abin da bai san ta inda zai ɓullo ba, yana da hakkin ya tsargu. Tun daga Tamawa nake bitar maganar Hajiya Mubina: kai za ka fara faɗa, a hankali. Na riƙe rabin farko da kyau. Rabi na biyun ne ya zube a hanya.

Mota ba ta gama tsayawa ba na leƙa ta taga na kwarma: "Yallaɓai! Akwai bindiga a motar nan!"

Ban san mutum na iya tsalle da baya haka ba. Kafin in haɗiye yawu an kewaye mu. Ɗaya ya leƙa baya, ya ga tsoho mai fararen idanu ya ƙanƙame igiya da hannu biyu, igiyar ta shige but.

"Baba, mene ne a ƙarshen igiyar nan?"

"Ita ce."

"Saki!"

"Ba ni saki."

"Baba, kada ka ja!"

Kawu kuwa, don ya tabbatar ba a taɓa masa kaya ba, ya ja.

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, domin ina kwance rubda-ciki a kan kwalta, hannuwana a ƙeya, wasiƙar Mai Hatimi a bakina. Ina so a rubuta don tarihi cewa babu wanda ya ce in kwanta. Ni na ga ya dace.

Daga inda nake na ji takun babbansu, wani mai furfura a gemu. Ya zare wasiƙar daga bakina da yatsa biyu, ya karanta, ya karɓi takardar Kawu, ya laluba aljihuna ya ɗauki makulli. Na ji an buɗe but, an buɗe kwaɗo. Ya warware bargon. Sai na ji ya ce, "Kai! Baba, wannan ƙirar ina ce?"

"Ƙirar Wurma ce, ta maƙeran da. Yanzu babu mai yin irinta."

"Kakana yana da irinta sak. Har wannan zoben tagullar."

"Wane ne kakanka?"

Shi ke nan. Aka kawo wa Kawu benci a inuwa. Aka shiga labarin gada da barewa, da shekarar da kura ta shiga garin su kakan, da yadda ake gane ɗurin da ya sha damina. Kawu ya nemi ya shafa tasu bindigar, aka ce a'a cikin ladabi, ya ce ba komai, ai daga jin ƙararta ba ta da albarka. Suka yi ta dariya. Ni kuwa ina kwalta. Tunda ba wanda ya ce in kwanta, ba wanda ya tuna ya ce in tashi. Motocin haya na wucewa a hankali, har na ji wata murya ta ce, "La, Malam ne na makarantarmu!"

Inna Turai ce ta cece ni. Ta leƙo ta ce, "Ɗana, in kun gama zumuncin, ƙarfe huɗu za a rufe wa tsohon nan ƙofar asibiti. Ga direbanmu can yana gasuwa."

Babban ya dubi agogo, ya dube ni. "Malam, me kake yi a ƙasa?"

Na ce ina duba taya.

Ya mayar da bindigar da kansa, ya datse, ya ce tunda yake aikin hanya bai ga wanda ya ɗauko makami bisa ƙa'ida kamar haka ba, sai dai a cire igiyar, kuma a daina ihu. Kawu ya yarda a cire, da sharaɗin a bar masa makulli a hannu. Uku da rabi ta gota. Yadda na tuƙa daga nan zuwa Dutsin-Ma ba zan rubuta ba, kada ɗalibaina su karanta. Mun sauke akwatin a gida, na kulle a ɗakin baƙi, muka isa asibiti ma'aikaciyar tana kiran sunan Kawu karo na biyu, wani mutum tsaye a gefenta yana fatan kada a amsa.

Alhamis aka yi aikin. Daren ya kwana a gidana, rufi ɗaya da abarsa. Juma'a da safe aka cire bandejin idon dama. Ya daɗe yana ƙifce-ƙifce. Ni ya fara gani.

"Mutawakkilu? Ashe haka ka tsufa? Wanga tumbi fa?"

Sannan ya juya ga Inna Turai. Ita kuwa sai gyara mayafi take ta yi kamar amarya. Na ga hawaye na bin kuncinsa, ma'aikaciyar ta ce maganin ne. Na bar shi a maganin.

Da muka koma gida ko ruwa bai sha ba ya ce a buɗe akwati. Ya fito da ita tsakar gida inda haske yake, yana juya ta, yana shafawa, yana murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Ya kawo gindin bututun dab da idonsa, wurin 'yar ƙofar da wuta ke bi ta kama albarushi.

"Turai."

"Na'am, Malam."

"Wa ya taɓa ta?"

Inna ta ci gaba da tsinke zogalen da ke gabanta. "Ni ce. Shekarar da ido ya fara, ranar da ka auna jakin Garba ka ce kura ce. Washegari kana masallacin Juma'a na kira mai walda daga Kurfi ya toshe ƙofar, ya goge wurin sumul."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana. Ni na riga shi.

"Inna! Kina kallo na yi kwana biyu a ofis, na kwanta a kwalta, ba ki ce komai ba?"

"In gaya maka, kai da ko tuntuɓe ka yi sai ka rubuta a jarida? Da kafin Laraba ya ji, da kuma bai zo ba."

Na kira mai waldar a waya don in tabbatar, ya ce ya tuna aikin sarai. Shekara tara ke nan bindigar ba ta iya tashi.